Barci ya samu ko gajiya ya yi? Yadda za ki gane matakai uku na matsalar numfashi

Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe biyu, wata tsohuwa ta shigo ɗakinmu na gaggawa rungume da jikanta ɗan wata takwas, an naɗe shi da zani biyu, ga hular ulu har kunne. Uwar yaron na biye da ita riƙe da fulas. Ban ma buɗe baki ba tsohuwar ta fara ba ni haƙuri: "Sista, da mun sani da ba mu tashe ku ba. Kwana biyu yana haki kamar ransa zai fita, amma tun a cikin adaidaita ya samu barci, abin ya lafa."

Na ce, "Hajiya, miƙo shi mu gani." Ina kware zanin hannunsa ya faɗo kamar jiƙaƙƙen tsumma. Harshen ya yi launin toka. Na ƙirga numfashinsa bai kai 20 a minti ba, alhali ɗan wata takwas ko lafiyarsa ƙalau ya kamata ya kai 30 ko fiye. Ƙarfinsa ne ya ƙare, shi ne suka ɗauka barci. Muka kifa masa jakar hura iska, muka haɗa oksijin, aka taso likita. Allah ya sa da sauran shan ruwansa, ya yi kwana shida a gado aka sallame shi. Da sun juya gida yadda tsohuwar ta so, ban jin zai kai kiran assalatu.

Na daɗe ina aikin jinya, mafi yawa a ɓangaren yara, kuma wannan ruɗun shi na fi cin karo da shi. Haki yana firgita mutane, shiru kuwa yana kwantar musu da hankali, ga shi sau da yawa shirun ya fi hakin haɗari. Da ke nake magana, uwa, tunda ke kike kwana zaune da mara lafiya, amma maigida ma ya karanta, don shi zai nemo abin hawa.

Matsalar numfashi hawa uku ce. Ki tuna da ɗan garuwa mai tura kura cike da jarkoki a kan hawa. Da fari yana haki, gumi na zuba, jijiyoyin wuya sun miƙe, amma kurar na tafiya. Wannan ita ce wahalar numfashi: jiki na kokawa, kuma har yanzu yana biyan buƙata. Can sai ki ga yana turawa amma kurar na zamewa baya, gwiwoyinsa sun saki. Wannan gazawar numfashi ke nan: ko yana ƙoƙari ko ya fara saki, iskar da ke shiga jini ba ta isa. Na uku ya saki kurar gaba ɗaya, numfashi ya ɗauke. A mataki na farko kina da awoyi, wani lokaci kwana. A na biyu mintoci ne zuwa 'yan awoyi. A na uku, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska, don haka wanda ke tsaye a kansa shi ne likitansa.

Lokacin da yake kokawa

Fara da ƙirga. Ki bari yaro ya natsu a cinyarki ko yana barci, domin ƙirgen mai kuka ba shi da amfani. Ɗaga rigar ki ga cikin da ƙirjin da idonki; ta saman riga ba a gane komai. Buɗe agogon waya ki ƙirga minti ɗaya cur. Tasowa da komawa ɗaya ke nan. Kada ki ƙirga rabin minti ki ninka, saboda jarirai ba sa numfashi a jere: su yi sauri, su ɗan dakata 'yan daƙiƙoƙi, su ci gaba, kuma wannan ba ciwo ba ne muddin dakatawar ba ta kai daƙiƙa 20 ba, launinsa kuma bai canja ba.

Ga iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wadda muke aiki da ita. Jariri ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa wata 11, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar, 40 ko fiye. Babba kuwa lafiyarsa tsakanin 12 da 20 ne. Ki rubuta lambobin nan uku, 60, 50, 40, a bayan katin rigakafi. Yaro mai tari da ya haura iyakarsa, ciwon haƙarƙari muke fara zato, wato nimoniya, cutar da hukumar ta ce ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a duniya a shekarar 2019. Idan aka zo da wuri, sau da yawa amoksisilin ɗin da ake narkarwa a ruwa ya wadatar. Amma ma'aikacin lafiya ne zai duba ya auna gwargwadon nauyin yaro, ba a sayo rabin kati a kemis a ba shi kwana biyu a daina ba.

Bayan ƙirga sai kallo. Mai lafiya idan ya shaƙi iska, ƙirji da ciki tare suke tasowa. Idan kika ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki daidai lokacin da yake shaƙa, kullum, ba sai yana kuka ba, to huhun ya yi tauri, jan iska ya zama aiki. Dubi ramin maƙogwaro da tsakanin awazu, ko su ma suna zurmawa. Dubi hanci: ƙofofin na buɗewa da kowace shaƙa? A jariri kuma za ki ga kai na gyaɗawa gaba da baya tare da numfashin, kamar mai gyangyaɗi a wajen karatu.

Sannan ki kasa kunne, don sautin yana faɗa miki inda matsalar take. Ɗan nishi gajere a ƙarshen kowane fitar numfashi, "ih, ih, ih", dabarar jiki ce ta hana ƙananan jakunkunan huhu rufewa, kuma a jariri alama ce mai nauyi. Ba a kwana da ita a gida. Fito siriri kamar usur a lokacin fitar da iska, ƙananan hanyoyin cikin huhu ne suka tsuke, irin na asma, wadda iyayenmu ke kira fuka. Ƙara mai kaushi a lokacin shaƙa, kamar ana jan zarto, wannan a maƙogwaro take. Idan ta haɗu da zazzaɓi, ciwon wuya da kumburin wuya, ki tuna da mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022. Irin wannan yaron kada a tura masa yatsa ko cokali a baki, kada kuma a kai shi wajen wanzami a ce beli ne. Hanyar iskarsa ta riga ta zama kamar tsinke, kuka da jini na iya toshe ta.

Babba ya fi sauƙin gwadawa. Ki gaishe shi. Gaisuwarmu mai tsawo ce, kuma wanda ba zai iya amsa "lafiya lau, alhamdu lillahi" ba sai ya yanke ya ja iska a tsakiya, to ya shiga wahala sosai. Za ki ga ya ƙi kwanciya, ya zauna ya duƙo gaba ya dafa gwiwoyi. Ki ƙyale shi a haka. Jikinsa ya fi ki sanin zaman da iska ke shiga, kuma kwantar da shi rigingine don tausayi cutarwa ce.

Abin yi a wannan mataki ba shi da yawa. A zaunar da shi, a sassauta tufafi, a rage zannuwan da aka lafta wa yaro, a fitar da kaskon turare da duk wani hayaƙi daga ɗakin, a ci gaba da ba da nono kaɗan-kaɗan idan yana iya kamawa. Mai asma a ba shi shuɗin abin shaƙarsa na salbutamol, fesa ɗaya a jira rabin minti zuwa minti ɗaya, a sake, har zuwa goma idan ta kama. Ga yaro, maganin ya fi shiga idan aka huda gindin tsabtatacciyar robar ruwa ta 500 ml aka cusa bakin abin fesawar, shi kuma ya riƙa shaƙa ta bakin robar. Bayan haka a kama hanyar asibiti a ranar. Idan kuwa akwai nishi, ko ƙarar maƙogwaro, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko jijjiga, to yanzu-yanzu, ko ƙarfe nawa ne.

Wani abu da ke ruɗa har sababbin ma'aikata: ba duk mai haki ne huhunsa ke ciwo ba. Yaron da maleriya ta ci jikinsa ko jininsa ya ƙone yana jan numfashi mai zurfi ba tare da tari ba, haka ma mai ciwon suga da ya rikice. Shi kuma mai sikila, ciwon ƙirji da zazzaɓi da haki tare ba a jira da su gari ya waye.

Lokacin da ya gaji

Nan ne zan daɗe, don nan aka fi rasa mutane.

Aiki biyu huhu ke yi: ya shigar da oksijin cikin jini, ya fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita, kabon dayoksaid. Gazawa ita ce ɗaya daga cikin biyun ya faskara, ko duka. A babban asibiti ana ɗibar jini daga jijiyar wuyan hannu a auna. Idan oksijin ya faɗi ƙasa da 60, ko gurɓatacciyar iskar ta haura 50 a ma'aunin da ake amfani da shi, an tabbatar. Ke ba ki da wannan a gida. Abin da kike da shi shi ne sanin halin ɗanki, kuma ƙwaƙwalwa ce ke fara kai ƙara. Ƙarancin oksijin na sa mutum ya birkice, ya yi ta fizge-fizge, yaro ya ƙi lallashi, babba ya yi ta surutai ko faɗa ba dalili. Taruwar gurɓatacciyar iska kuma na sa ciwon kai, gyangyaɗi, da barci mai nauyi. Shi ne barcin da tsohuwar nan ta yi wa hamdala.

To yaya za ki bambance shi da barcin sauƙi? Ki tashe shi. Na san uwar da ta kwana biyu ba ta runtsa ba ba ta son jin wannan, amma ki tashe shi. Yaron da ya samu sauƙi zai buɗe ido ya dube ki, ya yi kuka mai ƙarfi don kin dame shi, ya kama nono ya ja. Ki ɗaga hannunsa ki saki, zai riƙe shi. Numfashinsa ya sauko amma yana tafiya daidai, lotsawar ta ragu. Wanda ya gaji kuwa ido a rabi yake, ki kira sunansa ya ɗan motsa ya koma, ki sa masa nono ya bar shi a baki, jiki ya langaɓe. Numfashin ya yi sama-sama, ko ya riƙa tsallake, ko ciki ya taso ƙirji ya faɗa suna musaya. Raguwar ƙirge daga 70 zuwa 25 cikin ɗan lokaci ba tare da wani magani ba, a yaron da ba ya farkawa sosai, ba albishir ba ne. Haka mai asma da fiton ƙirjinsa ya ɗauke alhali bai iya magana ba: iskar da za ta yi fiton ce ba ta shiga.

Launi kuma, a fatarmu kada ki ɓata lokaci kan kumatu. Haska fitilar waya ki dubi harshe, dasashi da cikin leɓe. Ja-ja ya kamata su kasance. Idan sun koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, oksijin ya yi ƙasa ƙwarai. Sai dai yaron da jininsa ya yi ƙaranci sosai ba lallai ya yi shuɗi ba, fari fat kawai zai yi, don haka rashin shuɗin ba hujja ba ce.

Tun zamanin korona a 2020 gidaje da dama sun sayi 'yar na'urar nan mai auna oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa. Tana da amfani. Mai lafiya yana nuna kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, ƙasa da 90 kuwa oksijin ake nema ba shawara ba. Amma tana yin ƙarya. Sanyin yatsa, motsi, jan farce, baƙin lalle, da maƙala ta manya a yatsan jariri duk suna rikita ta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Kuma ba ta auna gurɓatacciyar iska ko kaɗan; na ga mutum a kan oksijin na'ura na nuna 97 yana nitsewa cikin barcin da ba na lafiya ba. Idan na'ura ta ce lafiya idonki ya ce a'a, bi idonki.

Gazawar numfashi ba ta da maganin gida. Babu sirace, babu shafa man zafi, babu ɗura ruwa ko koko ko rubutu a bakin wanda ba ya iya haɗiya, don huhu zai tafi. Tofi da addu'a a yi su a cikin mota. A nufi asibitin da aka san yana da oksijin, ko da ya fi nisa da ɗan kaɗan. Kuma don Allah, idan aka zo sa robar hanci kada dangi su hana. Na sha jin "ai duk wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi." Gaskiyar ita ce da yawa sai sun kai gargara ake kawo su, sai a ɗora wa oksijin laifin jinkiri. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin. Abin da ke cikin silinda ƙari ne a kan wannan, don huhun da ya raunana ya samu rabonsa da ɗan ƙoƙari.

Idan ya ɗauke

Ki jijjiga kafaɗarsa ki kira shi. Jariri ki ɗan mari tafin ƙafarsa. Bai amsa ba, ki kwantar da shi rigingine a ƙasa ko kan tabarma, ba kan katifa ba. Ki kai kuncinki kusa da bakinsa idonki na kan ƙirji, daƙiƙa goma kacal. Jan iska ɗaya-ɗaya da baki buɗe, kamar kifin da aka fitar daga ruwa, ba numfashi ba ne, ki ɗauka ya tsaya. Ki ƙwala kira, ki nuna mutum ɗaya ki ce "kai, nemo mota," domin in kin ce "a nemo mota" kowa zai tsaya salati yana kallon wani.

Buɗe hanyar iska: hannu ɗaya a goshi, yatsu biyu a ƙarƙashin haɓa, ki ɗaga. Jariri ɗan ƙasa da shekara kansa a miƙe kawai, kada ki tanƙwara shi baya. Abin da kika gani a baki ki cire, abin da ba ki gani ba kada ki lalube. Yaro ki fara da hura masa iska sau biyar: jariri ki rufe bakinsa da hancinsa da bakinki, ki hura ɗan abin da ke kumatunki; wanda ya girma ki toshe hanci ki hura ta baki. Kowace hurawa daƙiƙa ɗaya, ki ga ƙirji ya taso. Bai taso ba, gyara kan ki sake. Yara galibi ta numfashi zuciyarsu ke tsayawa, shi ya sa iskar ke zuwa farko. Haka ma wanda aka tsamo daga kududdufi ko rijiya.

Idan bai motsa ba, bai yi tari ba, sai danna ƙirji. A tsakiya, rabin ƙasa na ƙashin ƙirji. Jariri da manyan yatsunki biyu, yaro da tudun hannu ɗaya, babba da hannu biyu ɗaya kan ɗaya. Zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin yaro, babba santimita 5 zuwa 6. Saurin 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a daƙiƙa. Danna 30, hura 2, a yi ta maimaitawa ba tsayawa. Babban da ya yanke jiki ya faɗi da dannawar ake farawa. Mu da aka horar, idan mun ji bugun jijiya mai kyau, hurawa kawai muke yi, babba sau ɗaya duk daƙiƙa 6, yaro duk daƙiƙa 2 zuwa 3. Ke kada ki ɓata lokacin neman jijiya. Ya dawo yana numfashi, ki juya shi kan gefensa, kuma duk da haka asibiti. Ba a kwara masa ruwa, ba a ɗaga shi ana girgizawa.

Akwai waɗanda ba sa bin hawa ukun a jere. Saurayin da ya sha kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tarinsa a 2018, ko ya haɗa tiramol da ƙwayar barci, ba ya haki sam. Numfashi ne ke raguwa, takwas, shida a minti, da minshari mai nauyi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Kada a ce a bar shi ya yi barcin abin ya sake shi, kuma kada kunya ta sa a ɓoye wa likita, akwai allurar nalokson da ke karya kodin cikin mintoci. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu, ko janareta a soro ko gindin taga, su ma shiru suke kisa: ciwon kai, jiri, amai, gida guda a lokaci ɗaya, na'urar yatsa kuma ta nuna lafiya lau. A fitar da kowa waje tukuna. Yaron da ya ƙware da gyaɗa, idan yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi. Idan sauti ya ɗauke, a duƙar da shi a buga tsakanin kafaɗu sau biyar, sannan a matsa saman cibiya ciki da sama sau biyar, jariri kuwa a kife shi a kan hannu a buga baya, a juyo a danna ƙirji maimakon ciki. Wanda ya sha kananzir ko fiya-fiya ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara. A cire kayan da suka jiƙe, a tafi da kwalbar.

A cikin mota ki riƙe yaro a zaune a jikinki, fuska a buɗe kina ganinta, ba a goye a baya cikin mayafi ba. Kuna isa kada ki tsaya layin yankar kati, maigida ya tsaya. Ki wuce wajen ma'aikaciyar farko da kika gani ki faɗa mata gajeru: watansa takwas, na ƙirga 64 da magariba, haƙarƙarinsa na lotsawa, ya ƙi nono tun la'asar, yanzu kuma ba ya farkawa sosai. Ki nuna mata duk maganin da aka ba shi, na kemis da na gargajiya, da lokacin da ya sha na ƙarshe.